Gwangwanayen Majigin Yayana

Jikokina sun ɗauka ban san komai a kan kallo ba. Da la'asar sukan jeru a dakalin ƙofar gidana a nan Gummi, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, babban yatsa na ta sharar gilashi kamar mai korar ƙuda. Ba wanda ke tsayawa a kan hoto ɗaya ko da gwargwadon haɗiyar ruwa. Wani ya faɗo daga babur, a yi dariya a wuce. Wata na kuka a gidan rasuwa, a wuce. Rannan cajar ɗayansu ta ƙi aiki, ya wurga ta cikin kwata ya ce, "'Yar Chana ce, ba ta ƙarko." Sauran ko ɗaga kai ba su yi ba. A bakinsu kalmar Chana na nufin kayan da ke lalacewa kafin a kai su gida, ko mutanen nan masu motocin haƙa da ake cewa ana gani a dazukan Anka da Bukkuyum. In an matsa musu, su tuna da mai tsalle sama yana dukan ƙattai a fim. Na ɗauki buzuna na shige gida. Ban taɓa taka ƙasar Sin ba, amma na san wani abu nata da yaran nan ba su sani ba.

Ƙauyen da aka haife ni yana bakin gulbi, tsakanin Gummi da Bukkuyum. Kafin gari ya gama wayewa za ka ji luguden mata daga gida zuwa gida, taɓarya na amsa wa taɓarya, sannan muryoyin ɗaliban Baba a zaure, don mahaifinmu malami ne, sannan kukan shanun dangin Inna da ke sauka a bayan gari da kaka. Daga can ƙasa kuma mai fito na kiran masu tsallakawa kasuwa, yana buga gorarsa a jikin kwalekwale. Aikina na safe shi ne in kai gero ruga wurin kawunnaina in dawo da ƙwaryar nono a ka, in kuwa na zubar da ko ɗigo Inna za ta gane tun daga bakin ƙofa. Ita ba ta cika kallon fuskar mutum ba. In baƙuwa ta zo ta tafi, sai ka ji Inna ta ce, "Wagga tana cikin damuwa. Kun ga yadda taka murza bakin zanenta?" Mu ba mu ga komai ba, mun dai ji matar na ta dariya. Yau in ka kwana a ƙauyen nan ƙarar injin niƙa dutse ce za ta tashe ka, ita ce kuma za ta raka ka har magariba. Ruga ta watse, wasu sun gudu, wasu an kore su, wasu ba a tambaya. Mai fito ya rasu, ɗansa na ramin zinare. Garin da babu gidan da ba za ka shiga ka sha ruwa ba, yanzu maƙwabci na ƙara tsawon katanga don kada maƙwabcinsa ya ga buhun dutsen da ya shigo da shi.

Yayana, wanda nake bi wa, bai zauna ga karatu ba, bai zauna ga noma ba. Shi dai a ba shi ƙarfe. Ya tafi Gusau ya samu aiki a wani gidan silima, ya fara da shara har ya kai ga riƙe injin nuna fim. Da mai gidan ya sayo sabon inji babba, sai ya bar masa tsohon majigi ƙarami da ɗan janareto, ya kuma ce ya kwashe wani akwati da ya tare masa lungun sito. A cikin akwatin akwai gwangwanaye masu faɗi kamar faifan tuwo, kowanne da zaren fim naɗe a ciki da rubutun Sin a murfi. Tsofaffin finafinai ne marasa kala, sun zo a kuskure cikin na doke-doke, ɗaya ma ko murya babu. An taɓa gwada shi a Gusau, 'yan kallo suka yi ta jifan allo da ɓawon rake saboda ba dambe ba waƙa.

Ran da ya iso ƙauye da kayan a kan jakuna, gari ya ɗauka cewa ɗan malam ya kawo shaiɗan gida. Baba bai ɗaga murya ba. Ya sa aka toshe ƙofar zaure da tabarmi da rana tsaka, ya zauna a kan buzunsa ya ce a kunna. Ya kalli abin da yayana ya zo da shi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake duba littafin da wani ya kawo masa aro. Akwai wanda ya tsayar tun ba a yi nisa ba, ya ce, "Wanga kada ka kai shi gaban mutane." Da aka zo kan marar muryar nan, ya zauna har ƙarshe, aka kashe inji. Sannan ya ce, "Wanda yay yi wanga ya san mutuwa. Ka nuna shi." Ina tuna wannan duk lokacin da na ji masu wa'azin yanzu da masu kallon yanzu. Ɗaya ya haramta abin da bai gani ba, ɗaya ya haɗiye duk abin da aka zuba masa. Zama a duba kafin a yanke hukunci ya zama aikin da ba wanda ke da lokacinsa.

Lokacin na zama saurayi, gemu ya fara tsiro, kuma Allah ya ba ni murya. Sai na zama mai bayani. Muka riƙa bin kasuwanni, Gummi, Bukkuyum, Adabka, har Anka in hanya ta yi kyau. Bayan sallar magariba mu kafa sanduna biyu mu ɗaure farin ƙyalle, yayana ya ja igiyar janareto, majigi ya fara ƙararsa kar-kar-kar, ƙwari su cika hasken kamar ana sheƙar gero. Har yau in na ji warin fitila mai zafi da kalanzir sai in ji ƙafafuna na neman tashi. Ban san ko kalma ɗaya ta Sinanci ba. Ina kallon bakin mutum in sa masa magana, in raɗa masa sunan wani da kowa ya sani a kasuwar, jama'a su yi ta dariya.

Yayana ba ya dariya. A hanya, muna bayan jakuna, yakan ce mini, "Kai 'yan wasa kaka gani. Ni wanda ba a gani nika kallo." Shi ya fara gaya mini cewa a bayan kowane fim akwai mutum ɗaya da ke tsaye kusa da kyamara, darakta, wanda ke cewa a tsaya nan, a dubi can, a jira rana ta karkata. Ya ce biyu daga cikin gwangwanayen aikin mutum ɗaya ne. Na ce ta yaya ya sani, tunda ba ya karanta rubutunsu? Ya ce mutumin na son ya ajiye kyamara a waje ya leƙa ta taga ko ta ƙofa, kamar baƙon da ke jin nauyin shiga, kuma in mutum zai yi kuka ba ya kai kyamara kusa da fuskarsa. Ya haddace surar rubutun sunansa, in ya fito a farkon fim sai ya nuna mini da yatsa. Ba mu taɓa sanin yadda ake faɗinsa ba. Muka sa masa Mai Taga.

Fim ɗin marar murya nasa ne. Labarin wata mata ce mai fito. Sojoji sun tafi da mijinta ɗaukar kaya bai dawo ba, sai ta ɗauki gorarsa ta ci gaba da tsallakar da mutane, da jariri goye a bayanta. Babu wani abin mamaki a ciki. Tana tuƙi, tana wanki, tana hura wuta hayaƙi na shiga mata ido. Amma yadda hasken ruwa ke rawa a ƙarƙashin rumfar kwalekwalen da kan kumatun yaron, har yau ban ga fim mai kala da ya kamo shi ba. Sai yaron ya kamu da zazzaɓi. Ta tuƙa zuwa birni, ta ƙwanƙwasa ƙofar mai magani, aka leƙo aka dubi ƙafafunta marasa takalmi, aka rufe. Ba a nuna mutuwar yaron ba. Ba gawa, ba kabari. Abin da aka nuna shi ne ta dawo ɗakinta, kyamara na waje tana leƙe, ta kwance majanyi daga ƙirjinta, babu kowa a ciki. Ta shimfiɗa shi a tabarma, ta ninke, ta daidaita baki da baki, ta shafe shi da tafin hannu. Ta warware, ta sake ninkewa. Hannayenta kaɗai ake gani. A kasuwa, in an zo nan, maza sukan fara tsaki suna cewa a gaba, ni kuma in cika wurin da surutu don kada su watse.

Wata shekara ƙyanda ta yi ɓarna a yankin Adabka, kusan babu gidan da ba a fitar da ƙaramar gawa ba. Bayan abin ya lafa muka je cin kasuwa, sai mahaifiyar mai gari, tsohuwa mai faɗa a ji, ta aiko a kira mu. Ta ce mata na jin labarin majigi ba su taɓa gani ba, mu zo mu nuna musu da rana a gidanta, kuma ba ta son mai doke-doke. Aka share wani babban ɗakin ajiyar hatsi, aka rufe ƙofa da tabarmi bayan azahar, janareto na waje. Ni da yayana muna can baya kusa da inji, tsohuwar na zaune tsakaninmu da matan.

Tun daga farko na ga ba su buƙace ni ba. Da matar cikin fim ta sunkuya hura wuta, wata ta ce, "Ɗanyen kara ta sa." Suka yi dariyar yadda take ɗaure goyo ta kafaɗa. Da aka rufe mata ƙofar mai magani, tsaki ya zagaye ɗakin. A cikinsu akwai wata matashiyar Bafulatana da goggonta ta jawo da ƙyar. Maciji ya kashe mijinta a shekarar da ta gabata, ƙyanda kuma ta ɗauke ɗanta guda ɗaya. Tun ran da aka binne shi ba ta yi kuka ba, ba ta yi magana ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, har an fara cewa iska ce.

Da aka zo wurin ninke majanyi ɗakin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai majigi. Na ja numfashi zan fara bayanina, yayana ya taka mini ƙafa. Sai Bafulatanar nan ta miƙe. Ta ratsa tsakanin mata ta shiga cikin hasken, inuwarta ta rufe rabin ƙyallen, ta ɗora tafinta a kan hannayen da ke ninki. Sannan ta juyo tana fuskantar fitilar, ido a ƙanƙance, ta ce, "Wa yah hwaɗa mishi?"

Tsohuwar ta ce, "Wa, ɗiyata?"

"Wanda yay yi abin ga. Ni ɗai nike cikin ɗaki ran nan, na ruhe ƙohwa. Wa yah hwaɗa mishi na warware na sake ninkewa?"

Ta durƙushe a gindin ƙyallen, kukan da ta riƙe ya ɓalle, wani irin kuka daga can cikin ciki. Wata ta kama, wata ta kama, don rabin matan da ke ɗakin sun ninke nasu majanyin a shekarar. Na ɗauka yayana zai kashe inji. Bai kashe ba. Ya bar matar cikin fim ta fito da safe ta ɗauki gorarta ta koma bakin ruwa, don akwai masu jiran a tsallakar da su, har zaren ya ƙare farin haske ya cika ƙyallen. Da muka fito muna haɗa kaya, goggon ta biyo mu tana tambaya ko mai fim ɗin boka ne. Yayana ya ce, "Ba boka ba ne, Goggo. Mutum ne yat tsaya yad dubi wata can garinsu, bai kau da kai ba."

Tun daga ranar ban ƙara sa wa wannan fim magana ba, ko a kasuwa. Masu tsaki su yi su tafi, masu zama su zauna, kuma kullum ana samun masu zama. Bayan shekara ta zagayo yayana ya koma Adabka ba tare da majigi ba, ya nemi auren Bafulatanar nan, ta yarda. Ina ce mata Adda, kamar yadda ake kiran babbar 'yar'uwa a wajensu. Ta daɗe ba ta sake haihuwa ba, sannan Allah ya ba su ɗa namiji, shi kaɗai.

Sana'ar ba ta mutu rana ɗaya ba. Kaset ya zo, gidajen kallo suka buɗe a kowane lungu, aka daina samun ƙwan fitilar majigi ko a Gusau. Na dawo Gummi na kama sayar da hatsi, yayana ya koma gyaran injin ban-ruwa. Amma gwangwanayen suna ƙarƙashin gadon Adda. Duk rani yakan fito da su inuwa, ya buɗe, ya goge zaren da tsumma mai laushi, ya ɗaga wani yanki sama yana kallo ta hasken rana, ita kuma tana zaune kusa tana tsinkar zogale. Ranar da ya rasu ba ta nemi komai cikin kayansa ba sai su.

Sai zinare ya zo. Ba zan yi ƙarya in ce talauci bai ci mutane ba, ya ci su, na gani. Amma na ga kuma mazan da suka bar gonar da ta ciyar da kakanninsu, suka kawo dutse har tsakar gida, suka sa mata daka shi a turmin da ake daka fura. Gubar dalma ta bi ƙurar ta shiga cikin yara. A Sunke da ƙauyukan kewaye an binne ƙanana har masu haƙa kabari suka gaji. Likitoci suka zo daga nesa, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka yi ta roƙon mutane. Ba a daɗe ba wasu suka koma ga abin da suka bari. Bayan zinare bindiga ta biyo, hanyar da muke bi da jakuna muna hira yanzu sai an yi tambaya kafin a hau ta. Ana ta zagin baƙi masu motocin haƙa, kuma ban ce a fasa ba. Sai dai ban taɓa ganin baƙon da ya san hanyar dajinmu ba tare da ɗan gari ya shige masa gaba ba. Wa ya sa hannu aka ba su dajin? Wa ya nuna musu inda kaburburan kakanni suke ya ce ba komai a tona? Mun zama mutanen da in sun kalli gona, ko dutse, ko tsohuwar rijiya, tambayarsu ɗaya ce, me za a samu in an fasa.

Cikin jikokina akwai wata da ke karatu a Sakkwato, ita kaɗai ce ke zama ta saurare ni. Da ta zo hutu na ba ta labarin Mai Taga. Ta yi ta bincike a wayarta, ta nuna mini tsofaffin finafinan Sin marasa kala, muka kalli wasu tare. Na ga tagogi, na ga hasken ruwa, na ga irin haƙurin nan na barin kyamara ta jira mutum, na gane cewa ba shi kaɗai ba ne, tsara guda ce ta masu wannan ido. Amma matar fito ba ta ciki. Yarinyar ta ce ta karanta cewa da yawa daga finafinan wancan zamani sun salwanta, yaƙi ya ci wasu, wuta ta ci wasu, kuma har yanzu mutanen can na neman ragowarsu a ƙasashen duniya, in sun samu su gyara su nuna wa 'ya'yansu. Ta ce, "Kaka, ka san mai yiwuwa wanda ke ƙarƙashin gadon nan ba shi da na biyu?" Na ce gobe zan je in ɗauko.

Na samu ɗan acaɓan da ya san hanya, muka isa ƙauyenmu da hantsi. Ina shiga gidan, tun ban gama sallama ba, na ga murfin gwangwani a tsakar gida da ruwa a ciki, kaji na sha. Rubutun Sin na nan a gefensa, rabi ya kankare. Can kusa da injin niƙa na ga wani, cike da jar ƙasa.

Ɗan yayana ya fito. Yanzu magidanci ne mai iyali, da sabon babur a zaure. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, sannu da hanya. Ba a hwaɗa muna kana tahe ba."

Na ce, "Ina abin da ke cikin gwangwanayen ga?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce wani mai sayen zinare ne ya gaya masa tsohon fim na da azurfa a jikinsa, in an ƙone an wanke tokar da ruwan batir tana fita. Ran da Inna tasa ta tafi suna Bukkuyum, ya kwashe su ya zuba a rabin duro bayan gida ya sa wuta. Yana faɗa yana murmushi, irin na wanda ke jiran a yaba masa dabara ko a yi masa ɗan faɗa a wuce.

Na ce, "Duka?"

"Duka, Baffa. To mi za a yi da su? Inji ya mutu tun ina yaro, ba mai kallo. Wuri kawai sunka tare."

"Azurfar fa?"

Ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin leda, ya kwance a tafinsa. Wani ɗan dunƙule ne mai duhu, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce, "Ashe ma ƙarya mutumin yay yi, ba ta da yawa. Ko zobe ba ta kai."

Na tsufa, na binne iyaye da mata da 'ya'ya, ban taɓa jin son marin mutum kamar ranar ba. Abin da wani bawan Allah ya tsaya a bakin wani gulbi ya jira rana dominsa, ya tsallake yaƙin ƙasarsu, ya tsallake teku, ya tsallake ɓawon raken Gusau da damina bayan damina a ɗakin ƙasa, ya zo ya ƙare a rabin duro a hannun jinina. Da gobara ce ta ci su da na ce ƙaddara. Da ɓarayin daji ne da na ce da ma aikinsu ke nan. Wannan ɗan gida ne, da ƙoshinsa da babur ɗinsa, ya zauna ya hura wutar da bakinsa.

Ina nan tsaye, sai ga Adda ta fito daga ɗakinta da ƙullin kaya a hannu. Ta rame. Daga baya na ji cewa tun ran da ta dawo ta tarar da warin ƙonar ta ɗaure kayan nan, ba ta yi wa kowa faɗa ba, ba ta aika mini ba, ta zauna tana jiran wanda ya san abin da aka yi. Ta ce mini, "Ka zo? Mu tahi."

Ɗanta ya dube ta ya dube ni. Ya bi mu har ƙofar gida, ta hau bayan ɗan acaɓan da ya kawo ni, ya riƙe kan babur ɗin ya ce, "Inna, kan gwangwani za ki bar ni? Mi mutane za su ce?"

Ta ce, "Tun kana rarrahe suna ƙarƙashin gadona. Ka taɓa tambayata mi ke ciki?"

"Fim ne, Inna. Fim na Chana."

"Ina da ɗa kahin kai. Ba a ɗauke shi hoto ba. Inda anka binne shi an yi gona, yanzu an yi rami. Wuri ɗaya yar rage inda wani yas san na haihe shi, ya san yadda nay yi da yat tahi. Ko ban kalla ba, na san shina nan ƙarƙashina ina kwance." Ta gyara ƙullinta a cinya. "Yayanka ne ka ƙone. Sake mishi babur."

Ya saki. Na samu wani mai babur na bi bayansu, ban waiwaya ba.

Adda na gidana yanzu, ɗakinta na kusa da na jikokina mata. Tana tsinkar zogale, tana yi wa yara faɗa in sun zubar da nono, wani lokaci ta zauna kusa da yarinyar nan ta Sakkwato suna duba tsofaffin finafinai a waya, ta kalla kaɗan ta ce ba ita ba ce. Ɗanta na zuwa ranar kasuwa. Takan amsa gaisuwarsa, ta tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ta sa a kai masa abinci, amma in ya kawo maganar komawa sai ta tashi ta shiga ɗaki. Daga nan ya fito zaure wurina ya durƙusa. Mutane na ce mini in yi haƙuri, ɗa ne, bai sani ba. Na san bai sani ba. Sallamarsa nake amsawa, don ita wajibi ce. Yakan zauna a bakin tabarma har inuwa ta juya yana jiran in ƙara wata kalma, ni kuma har yau ban samu wadda zan iya faɗa masa ba tare da na ɗaga hannu ba.